Kamun baki da kamun fizge: inda doka ta raba su a fatsar kogi

Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Niyok ta ƙasar Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce a watan Oktoba ya bi abokan aikinsa zuwa kogin Salmon da ke garin Pulaski, ya yanki lasisi, ya jefa fatsa, ƙugiyarsa ta maƙale a gadon bayan wani ƙaton kifi, ya sha fama kafin ya jawo shi gaɓa, sai mutanen da ke wurin suka ce lallai ya mayar da shi ruwa domin doka ba ta ba shi wannan kifi ba. Can kuma sai na kusa da shi ya fito da nasa, ƙugiya ta shige shi a gefen muƙamuƙi ta waje, ya ɗaure abinsa ya tafi, ba wanda ya ce masa uffan. Tambayarsa ita ce: mene ne ya raba kamun nan biyu, alhali ƙugiya ɗaya ce kuma kogi ɗaya ne, balle ma a gida da mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi ba koto, ake kama tarwaɗa ba tare da an ɗauke shi laifi ba?

Malam, mutanen nan sun gaya maka gaskiya, sai dai ba su yi maka bayani ba. Dokar fatsa a yawancin jihohin Amurka tambaya biyu take yi, kuma kowace da hukuncinta. Ta farko game da mai fatsa ce: me yake yi da hannunsa, yana yaudarar kifi ne domin ya kai wa ƙugiya cafka da bakinsa, ko kuwa yana neman soka masa ita ne a duk inda ta samu? Ta biyu game da kifin ce: a ina ƙugiyar take a lokacin da aka fito da shi? Amsar tambaya ta farko ita ke nuna ko mutum ya aikata laifi, amsar ta biyu kuma ita ke nuna ko yana da ikon tafiya da kifin gida. Duk ruɗanin da ake samu a bakin kogi daga cakuɗa waɗannan biyun yake tasowa.

Abin da zan riƙa kira kamun fizge shi ne mutum ya jefa ƙugiya cikin ruwan da kifi ya taru, da koto ko babu, ya riƙa fizgar sanda da ƙarfi domin tsinin ƙugiya ya tsaga ruwa ya nutse a jikin duk kifin da ya ci karo da shi, ko a baya, ko a ciki, ko a wutsiya. Kayan aikinsa na asali ƙatuwar ƙugiya ce mai baki uku wadda aka narka dalma aka zuba a gindinta domin ta nutse da sauri, tare da zare mai kauri da sanda mai tauri. A nan kifin bai zaɓi komai ba, wucewa kawai yake yi aka same shi. Kamun baki kuwa shi ne a sa tana, ko ƙwan kifi, ko koton roba ko na ƙarfe ko na gashin tsuntsu, kifin ya gani ya biyo da kansa ya haɗa. Jihar Oregon da jihar Washinton sun gina ma'anar laifin ne a kan wannan batu na son rai, wato duk wata hanyar da kifi bai ɗauki ƙugiya a bakinsa da kansa ba. Jihar Niyok ta ƙara da alamar da jami'i zai gani da idonsa daga nesa, wato fizgar sanda a kai a kai ko fizga mai wuce kima. Ka lura cewa yunƙurin kansa laifi ne. Wanda ya wuni yana fizga bai kama ko da ɗan tsako ba, ana iya cin sa tara, haka ma wanda ya yi ta fizga har ƙugiya ta dace da bakin kifi, domin dacewar ba ta wanke abin da hannunsa ya yi ba.

Akwai kuma wanda ya yi komai bisa ƙa'ida amma ƙugiyarsa ta saƙale a inda bai nufa ba. Wannan yana faruwa kullum idan kifi ya cika rami har suna gogayya da juna: ruwa ya tafi da koto, ya gogi ƙayar bayan wani, mai fatsa ya ji nauyi ya ɗaga sanda, shi ke nan ta kama. Wani lokaci ma kifin ne ya kawo cafka ya kuskure, ƙugiya ta same shi a ƙarƙashin haɓa. Doka ba ta ɗauki wannan a matsayin laifi ba, amma ba ta ba ka kifin ba. A Alaska an rubuta ƙarara cewa kifin da aka kama cikin ruwan daɗi a wani wuri da ba baki ba, ko da bisa kuskure ne, sai a sake shi nan take. Oregon ta ce sai a cikin baki. Niyok ta ce salmon, kifin nan mai hawan kogi domin zuba ƙwai, da danginsa, idan ba a baki ƙugiya ta kama su ba, a sake su ba tare da an ji musu ciwon da ba dole ba. Washinton ta ɗan sassauta a dokarta ta gama-gari, ta yarda da baki ko kai, ta kuma fassara kai da duk abin da ke gaban ƙarshen marfin nan na gefen kai wanda kifi ke buɗewa yana rufewa idan yana numfashi. Ke nan kifin da aka kama a kumatu zai iya zama naka a wani kogin Washinton, ya zama na saki a Oregon da ke maƙwabtaka da ita.

Saboda haka hukuncin naka kifin a bayyane yake. Idan koto ka sa, ka bar ruwa ya tafi da shi, ba ka yi laifi ba da ƙugiya ta same shi a baya, amma da ka ɗaure shi a igiya ka nufi mota, daga nan laifi ya fara. Dalilin da ya sa ba a karɓar uzurin kuskure wajen riƙe kifi ba boyayye ba ne: da ana karɓa, kowane mai fizge zai rantse cewa kuskure ne, kuma ba mai iya ƙaryata shi.

Kifin maƙwabcinka shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a kansa ne masu fatsa suka fi yin gardama tsakaninsu. Akwai wata dabara da Turawan can suka raɗa wa sunan zaren sakace haƙori, ni ma zan kira ta kamun sakace. Salmon mai hawan kogi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana tafiya kusa da ƙasa, yana buɗe baki yana rufewa domin numfashi. Mai sakace yakan sa dalma a zare, ya bar tazara mai tsawo tsakaninta da ƙugiya, ya jefa sama da inda kifi suke, ya bar dalmar tana tuntuɓe da duwatsun ƙasa yayin da ragowar zaren ke shara a gicciye. Zaren sai ya faɗa cikin buɗaɗɗen bakin wani kifi, ruwa ya ci gaba da jan sa yana zamewa tsakanin muƙamuƙai kamar mai sakace, har ƙugiyar da ke ƙarshe ta iso ta soki kusurwar baki. Alamarsa ita ce ƙugiya ta shiga daga waje zuwa ciki, kuma kusan kullum a gefen bakin da ke nesa da mai fatsa. Wanda ya ciji koto da kansa, yawanci daga ciki ƙugiya ke kama shi, a dasashi ko a harshe ko a kusurwar baki ta ciki.

To, wannan kamun baki ne ko na fizge? Idan aka bi inda ƙugiya take, a baki take. Idan aka bi son ran kifi, bai so komai ba, numfashi kawai yake yi. A nan ne tambayoyin nan biyu suka ba da amsa mabambanta a kan kifi ɗaya, kuma kowace jiha ta zaɓi wadda za ta fi ba wa ƙarfi. Alaska ta fassara laifin da kama kifi a wani wuri da ba baki ba, shi ya sa sakace ya zama hanyar da kowa ke bi a fili wajen kamun jan salmon a kogin Kenai da kogin Russian, inda za ka ga mutane sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna lilo da zare. Akwai dalilin hakan, domin shi jan salmon ƙananan halittun ruwa ne mafi yawan abincinsa a teku, idan ya shigo kogi kuwa da wuya ya kula koto. A Oregon da Washinton, inda aka rataya ma'anar a kan son rai, lafazin doka ya haɗa da sakace, amma tabbatar da shi a kan mutum aiki ne ja, tun da shaidar da ya san gaskiyar ko an ciji koto ko ba a ciza ba shi ne kifin, shi kuwa ba ya magana. Ana irin wannan gardama a kogin Fraser na ƙasar Kanada duk shekarar da aka buɗe kamun jan salmon. Mai yiwuwa kifin maƙwabcinka ya kawo cafka ne ƙugiya ta same shi ta waje, mai yiwuwa kuma sakace aka yi masa. Shirun da mutane suka yi bai nuna cewa kamun ya tsarkaka ba, abin da ya nuna shi ne ƙugiya tana a muƙamuƙi, ba mai hujjar da zai tsayar da shi.

Da yake ba a iya leƙa zuciyar mutum, sai hukumomi suka koma kan abin da ake iya aunawa da ma'auni, wato kayan aiki. Wannan ne asalin ƙa'idojin nan da baƙo ke gani kamar neman fitina. A kogunan da ke zuba cikin tafkin Ontariyo, ciki har da wanda ka je, a lokacin hawan kifi ana taƙaita mutum ga ƙugiya mai baki ɗaya wadda faɗin bakinta bai wuce rabin inci ba, in ban da wasu nau'o'in koton da ke shawagi a saman ruwa. Ba a yarda dalma ta rataya ƙasa da ƙugiya ba idan aka ɗaga zare a tsaye, kuma tazarar da ke tsakanin dalma da ƙugiya ba za ta wuce ƙafa 4 ba. Kowace ɗaya da ƙofar da take toshewa. Ƙaramar ƙugiya mai baki ɗaya ba ta iya riƙe naman gadon baya kamar mai baki uku. Dalmar da ke ƙasa da ƙugiya takan tsayar da ƙugiyar a tsakiyar ruwa daidai da jikin kifi, abin da mai fizge ke nema ke nan. Iyakar ƙafa 4 kuwa sakace take rage wa ƙarfi, domin gwargwadon tsawon zare gwargwadon yawan bakunan da zai shara. Ana kuma hana fatsar dare a yawancin sassan kogin a wannan lokaci, saboda duhu abokin mai fizge ne. Washinton tana da tata dokar ta musamman da take kafawa a kan wasu koguna, mai cewa ƙugiya ɗaya mai baki ɗaya, faɗinta kada ya wuce kashi 3 cikin 4 na inci, dalma kuma kada ta kasance ƙasa da koto ko ta matso shi da ƙasa da inci 12 ta sama. A wuraren kogin Russian da aka keɓe wa koton gashi, Alaska ta ce dalma ta yi nisan aƙalla inci 18 daga ƙugiya. Ka ga wata jihar iyakar nisa ta sa, wata kuma iyakar kusanci, domin dalma kusa da ƙugiya kayan fizge ce, dalma nesa ƙwarai kuma kayan sakace ce. Mutum zai iya karya waɗannan ƙa'idoji da zuciya ɗaya, kuma tarar ba ta tambayar niyya.

Yana da kyau ka san cewa a wannan kogi da ka tsaya an taɓa yin fizge da izinin hukuma. Yawancin salmon ɗin da ke manyan tafkunan Amurka a yau baƙo ne daga tekun Fasifik. Jihar Mishigan ta zuba nau'in koho a shekarar 1966, ta biyo da babban nau'in da ake kira sarkin salmon a 1967, a wani ɓangare domin su cinye wani ƙaramin kifi da ya mamaye tafkin yana mutuwa yana ruɓewa a gaɓa, sauran jihohi kuma suka bi sahu. Wannan kifi idan ya shigo kogi domin zuba ƙwai yakan daina cin abinci, kuma yana gama zubawa zai mutu. Sai aka ɗauka cewa ba zai ciji komai ba, aka ce tun da mutuwa zai yi, a bar mutane su ɗebe shi ta kowace hanya. Shekaru suka nuna cewa zaton bai cika daidai ba, domin ko da ba ya jin yunwa yakan kai wa abu cafka don fushi, ko don kare wurin ƙwansa, ko don sabon da ya yi da haɗiye ƙwan da ruwa ya kawo. Aka kuma ga ɓarnar da ke biyo baya: kifin da ya tsinke ya tafi da ƙugiya a ciki ko da tsagaggen baya, matan da aka farke wa ciki ƙwai ya zube, dalma mai baki uku tana fitowa daga ruwa kamar harsashi a cikin cunkoson jama'a. Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ƙugiyar fizge ba ta tantancewa. A rami ɗaya da salmon mai jiran ajali akwai wasu kifayen danginsa waɗanda ba sa mutuwa bayan zuba ƙwai, suna komawa tafki su sake dawowa, kuma suna cizon koto lafiya lau, su ma ƙugiyar ba ta ƙyale su. Niyok ta rufe wannan babi a 1995, Mishigan ma ta haramta shi.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce fizge abin ƙyama ne a ko'ina cikin Amurka. A kogin Misisipi da na Misuri da rassansu akwai wani kifi mai dogon hanci kamar filafilin kwalekwale, wanda ke iyo da baki buɗe yana tace ƙananan halittu daga ruwa. Ba ya bin tana, ba ya bin komai, don haka fizge ce hanyar da doka ta tanadar masa, da lokacinta da adadinta. A jihar Misuri ana buɗewa daga 15 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu, a Dakota ta Arewa ana farawa 1 ga Mayu a wajen mahaɗar kogin Yellowstone da na Misuri, a Oklahoma kuma sai an danne kunnen ƙugiya domin wanda za a saki ya fita da ƙaramin rauni. Alaska da ta hana fizge a ruwan daɗi ta bar shi a yawancin ruwan gishirinta, har takan buɗe shi na 'yan kwanaki a wani tabkin bakin teku da ke garin Homer idan kifin da aka ƙyanƙyashe aka zuba ya dawo ya rasa inda zai hau. Jihar Ilinoi ma ta ware wasu 'yan wurare a gaɓar tafkin Mishigan, ciki har da na birnin Shikago, daga Oktoba zuwa Disamba. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne ko dai kifin ba ya cizo sam, ko kuwa kamun nasa ba ya rage irin baɗi. Ingila kuwa ba ta buɗe wannan ƙofa ba, domin dokarta ta 1975 a kan salmon da kifin ruwan daɗi ta jera duk wani abin da aka shirya don soke kifi a jiki cikin kayan da aka hana, tare da mashi da fitila.

Maganar mamari da ka kawo tana kan hanya, domin a aikace shi ma kamun jiki ne. Doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a jere kusa da juna, ba koto ko ɗaya, a shimfiɗa ta kusa da ƙasan ruwa a kan hanyar kifi. Tarwaɗa ko ramboshi ko kurungu, masu santsin fata marasa ɓawo, su zo wucewa ɗaya ta kama, suna mutsu-mutsu sauran su ƙarasa. Bambancin yana ga abin da dokar kowane wuri take tsarewa. Basarke a Yawuri ko masunci a tafkin Cadi sana'a yake yi, abin da zai ci da iyalinsa yake nema, shi ya sa dokar kamun kifin cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta fi sa ido a kan abin da ke kashe ruwa baki ɗaya, wato guba da nakiya da lantarki, da kuma ƙanƙantar idon raga mai kwashe 'ya'yan kifi. Lasisin da ka yanka a Niyok kuwa na fatsar nishaɗi ne, an ƙayyade maka 'yan ƙwayoyi a rana, kuma an gina shi a kan cewa dubban mutane za su raba kifin da ya taru a ɗan siririn kogi cikin makonni kaɗan. Wannan duk maganar dokar hukuma ce, ba ta shafi halaccin cin naman ba, tun da kifi ba ya bukatar yanka.

Idan ka koma kogin, tun kafin ka ga kifin za ka iya gane inda ƙugiya ta kama shi. Wanda aka kama a baki yakan girgiza kai, ka ji bugun a sanda, kuma idan ka ja gefe kansa yakan juyo ya biyo ka. Wanda aka kama a wutsiya yakan miƙe da gudu ba ya juyowa, sanda tana rawa daidai da kaɗawar jelarsa, wanda aka kama a gadon baya kuma yakan zo a gicciye da nauyi kamar kana jan ƙyaure a cikin ruwa. Da zarar ka tabbatar, kada ka tsaya gajiyar da shi na dogon lokaci kamar yadda ka yi a karon farko, domin kifin da ya daina cin abinci da ɗan ƙarfin da ya tara yake tafiya, abin da ka cinye masa a fama ba zai mayar ba. Idan yana kusa, ka jawo shi cikin ruwa marar zurfi, ka bar shi a ruwan, ka zare ƙugiya da filaya, ka riƙe shi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa har ya fizge da kansa. Idan ya yi nisa kuma ƙato ne, ka miƙe sanda ta nuna shi, ka danne zare ya tsinke, shi ya sa masu gogewa ke sa siririn zare a ƙarshe domin ya tsinke kusa da ƙugiya. Kada ka ɗora shi a kan duwatsu don ɗaukar hoto, domin kalmar nan take da ke cikin irin waɗannan dokoki jami'ai suna ɗaukar ta da gaske. Alƙaluman inci da ranakun da na ambata kuwa ana sake duba su lokaci zuwa lokaci, wani sashen kogi ma yakan bambanta da na kusa da shi, don haka ka karɓi ɗan littafin dokokin shekarar a inda ka yanki lasisi, ka buɗe shafin kogunan tafkin Ontariyo, ka auna bakin ƙugiyarka da tazarar dalmarka tun kana gida.